Mu da Muƙamuƙanmu

Daren da bakin ɗan kabu-kabun unguwarmu ya ƙi rufuwa, shayi na biyu ke kan gawayi. Hunturu ne, kowa ya ƙudundune cikin bargo a fadarmu da ke nan Belbeji, ana gardama a kan kuɗin tiyar hatsi. Yaron ya wuni yana jigilar ƴan kasuwa cikin rairayi, gajiya ta ci ƙarfinsa, sai ya saki wata hamma wadda ko raƙumi zai ji kunyar yin irinta. Muka ji ƙas, muka ci gaba da hirarmu. Can aka miƙa masa kofi bai karɓa ba. Muka duba, ga ido a zazzare, baki a wangame, haɓa ta turo gaba, yawu na bin wuyan riga. Yana son ya yi magana, amma ba abin da ke fita sai "aa, aa".

Ka san mu. Kafin ka ce kwabo an samu likitoci bakwai a kan tabarma ɗaya. Wannan ya ce iska ce, a tashi Malam. Wancan ya ce a shammace shi da mari, bakin zai koma da kansa. Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya ce a naɗa rawani ta ƙarƙashin haɓa, mutum biyu su ja. Wani Bafulatani da ya kawo tumaki kasuwa ya kwana a unguwar, da ya ji yaron jinin Barebari ne, sai ya gyara zama ya ce a ƙyale shi, dama su ba su iya rufe baki ba, yau dai Allah ya kama ɗaya.

Allah ya sa Majo na gida. Tsohon ma'aikacin likita ne, ya ajiye aiki tun tuni, amma har gobe ba a kiransa da wani suna. Ya fito da fitila, ya sa aka kifa turmi a jikin bango, ya zaunar da yaron ƙeyarsa na jingine. Ya naɗe manyan yatsunsa biyu da ƙyalle mai tsabta, ya zura su ya ɗora a kan haƙoran ƙasa na can ciki, sauran yatsun suka tallabo haɓa. Yana yi wa yaron hira a hankali, wai yaushe za a kai kuɗin aure, yana danna ƙasa sannu sannu. Da ya ji tsokar ta saki sai ya tura baya. Ƙwas! Baki ya rufe da ƙarfin da ya kusa datse yatsun, muka gane amfanin ƙyallen. Kalmar farko da yaron ya furta, Bafulatanin nan ya aika wa ita, kuma ba ta rubutuwa.

Majo ya karɓi rawanin Kawu ya ɗaure haɓar zuwa tsakar kai, ya ce sati biyu ba tauri, ba wangame baki, in hamma ta zo a tokare haɓa da dunƙulen hannu. Kawu ya ce to ai ga shi, maganarsa ce ta fito. Majo ya ce, "Alhaji, ɗauri bayan gyara daban, ja kafin gyara daban. Da an bi taka, da yanzu muna neman motar Damagaram." Ya ƙara da cewa kada wani cikinmu ya ga abin da sauƙi ya gwada, musamman ga wanda ya faɗi daga babur ko ya sha naushi, don ƙila karaya ce. Dabarar kuwa ba tasa ba ce. Tana rubuce a wata tsohuwar takardar Masar da aka kwafa wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma Hifokratis na ƙasar Girka, wanda Larabawa ke ce wa Buƙraɗ, shi ma haka ya koyar. Malam ya ce shi ya sa ake horon yara su rufe baki da hannu in za su yi hamma, su danne ta iyakar iyawa. Majo bai yi musu ba.

Tun daga daren nan zancen muƙamuƙi bai bar fadarmu ba. Ashe rabinmu na fama, kowa ya yi gum. Tela ya ce nasa na ƙara kamar ana karya kara duk lokacin da ya tauna. Mai cajin waya ya ce kullum da safe kuncinsa a gajiye yake tashi, kamar ya kwana yana tuƙa tuwo da baki. Malamin lakwal ya ce shekara guda yana ɗiga magani a kunne, aka leƙa aka ce kunnensa garau. Kawu ya ce shi lafiyarsa lau, yana faɗa yana murza gefen kunne da yatsa.

To ina mamaki? A dubi abin da muke sa wa bakin nan. Goro tun daga asuba, kuma ɓari ɗaya muke ba aikin, don ɗaya ɓarin akwai haƙori mai rami da aka yi shekara uku ana cewa za a je a cire. Cukun Buzaye wanda ya bushe har ya zama kamar tafin takalmi, mu a wurinmu abin marmari ne. Goruba, busasshen dabino da ake saukowa da shi daga arewa, aya, ƙuli-ƙuli, kilishi, rake in ya zo daga kudu. In an yanka rago, ba a ce mutum ya ci nama ba sai an ji yana farfasa ƙashi yana tsotse ɓargo. Samari su buɗe kwalbar lemo da haƙori don ƴan mata su gani. Ƴan matan kuma cingam daga hantsi har la'asar, ana ƙas-ƙas da shi da gangan. Mai ɗaurin dami ya kama bakin igiya da haƙori ya ja, tela ya yanke zare da shi, ɗan kabu-kabu ya maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa yana yaƙi da rairayi. Ko jakin da ke jan guga a rijiyoyin Tarka ana kwance shi da rana tsaka ya huta, a ba shi ruwa. Muƙamuƙi kuwa in ya gama tauna sai ya shiga gardamar siyasa.

Majo ne ya yi mana bayanin wurin, kuma da gammo ya yi shi. Ya ce kowa ya sa yatsa a gaban kunnensa ya buɗe baki. Muka sa, muka ji wani ɗan dunƙule yana juyawa sannan ya zamo gaba. Ya ce nan ne kan ƙashin muƙamuƙin ƙasa ke haɗuwa da ƙoƙon kai. Ƙashin ɗaya ne amma mahaɗarsa biyu, hagu da dama, ɗaya ba ta motsi sai da ɗaya, shi ya sa in ka ƙware wa ɓari guda, ɗayan ma sai ya ji a jikinsa. Tsakanin ƙasusuwan akwai wani ɗan faifai na guringuntsi, aikinsa aikin gammo tsakanin tulu da kai. Gammon nan tare yake tafiya da ƙashin. In ya ɗan zame gaba, duk buɗe baki sai ƙashin ya haye shi, ƙarar da tela ke ji ke nan. In ya zame ya tokare hanya, bakin ba ya buɗuwa sosai. Na yaron kabu-kabu kuwa kan ƙashin ne ya wuce wani ɗan tudu da ke gabansa ya kasa dawowa.

Amma ya ce yawancin masu kuka da wurin, mahaɗarsu ba ta da laifi, tsoka ce ta gaji. Akwai mai kauri a kunci, wadda ke tasowa in ka cije. Akwai mai faɗi kamar mafici a gefen kai, sama da kunne. In suka ɗaure sai ciwon ya bazu, wani ya ji shi a kunne, wani a haƙori mai lafiya, wani ya ce ciwon ɓarin kai ne. Tun 1934 wani likitan kunne a Amurka, James Costen, ya rubuta labarin masu zuwa wurinsa da kukan kunne alhali muƙamuƙi ne. Malamin lakwal ya yi tsaki, ya ce da ya san wannan da kuɗin maganin ɗigawa sun saya masa akuya.

Sai gwajin yatsu. Majo ya ce lafiyayyen baki yana karɓar yatsun mai shi uku a jere, a tsaye, tsakanin haƙoran gaba, wato wajen santimita 4 ko fiye. Nan take ƙarti goma sha ɗaya, har da mai furfura, kowa ya cusa yatsu uku a baki. Daidai lokacin Gwaggo mai ƙosai ta biyo da tirenta. Ta tsaya, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ikon Allah. Yunwar har ta kai haka?" Kawu biyu da rabi ya samu, ya ce yatsunsa ne masu kauri.

Zancen ya kai har Faransa, ta WhatsApp. Ɗiyar gwaggon nan da ke aure can ta aiko da murya, ta ce ita ma ta yi fama, aka tura ta wurin wani mai sana'ar da suke kira osteyopat. Ya kwantar da ita, ya taɓa wuya da kafaɗa da ƙeya, ya sa safar hannu ya zura yatsa cikin bakinta ya danna wata tsoka can ciki har ta yi hawaye, ya ja haɓar a hankali, ya koya mata abin da za ta riƙa yi a gida. Zama ɗaya kuɗin Turai sittin, kusan jaka arba'in namu. Wanzamin unguwarmu na zaune da zabirarsa. Ya ce a sake kunna masa. Da ya tabbatar da kuɗin, sai ya ce, "Buhun hatsi ke nan fa, a kan tausa! Ni da nake haɗawa da ƙaho da aski a dala ɗari, ashe ƙasa na ɓata, ba sana'a ba."

Majo ya ce sana'ar tana da asali. Wani likitan Amurka, Andrew Taylor Still, shi ya ƙago ta a 1874, bayan sanƙarau ya kashe masa ƴaƴa uku magungunan zamanin ba su tsinana komai ba. Ya buɗe makarantarta a garin Kirksville a 1892. Shi a ganinsa yawancin cututtuka daga gocewar ƙashi da gaɓa suke tasowa, in an daidaita su da hannu jiki zai warkar da kansa. Wannan babbar magana ilimin yau bai karɓe ta ba. A Amurka magadansa sun zama cikakkun likitoci masu rubuta magani da yin tiyata. A Faransa kuwa doka ta san da su tun 2002, amma yawancinsu aikin hannu kawai suke yi.

Ni dai abin da na fahimta, a sana'ar nan akwai tsaba akwai ƙaiƙayi. Masu cewa suna jin ƙasusuwan ƙoƙon kan baligi na numfashi a tafin hannunsu, har su daidaita su, ban ga abin da ya raba su da mai duba a ƙasa ba. Amma danna tsokar da ta ɗaure, da motsa mahaɗa a hankali, da koya wa mutum yadda zai riƙe wuyansa da bakinsa, wannan yana da madafa, kuma shi ne aikin masu gashin ƙashi na asibiti, waɗanda a nan muke ce wa kine. Majo ya ce a watan Disamba 2023 mujallar likitoci ta Ingila, BMJ, ta fitar da shawarar wani kwamitin masana a kan ciwon muƙamuƙin da ya wuce wata uku. Abin da suka ƙarfafa shi ne aikin hannu irin wannan, da motsa muƙamuƙi da miƙe shi bisa koyarwa, da gyara zaman wuya, da zama da mai ba da shawara a kan damuwa. Suka ja kunne a kan yanke faifan nan, da duk wani abin sawa a baki da zai sauya zaman haƙora har abada, da haɗa maganin kumburi da dangin tramol. Da Majo ya ambaci na ƙarshen, samari biyu suka sami abin kallo a cikin gawayi.

Wanzami ya ce to ai duk nasu ne aka sa wa turanci. Ba duka ba. Maɗoran ƙasar nan gwanaye ne a ƙafa da hannu, ba mai raina musu, amma muƙamuƙi ba ya son ƙarfi, ba ya son tsaga, ba ya son a matsa shi ya yi ƙara don mai jinya ya ji an yi aiki. Gashin da iyayenmu mata suka iya shi ne ya fi kusa: tsumma a ruwan ɗumi, a matse, a dafa a kunci kamar minti goma, safe da dare. Sai a lakaci man kaɗanya a murza tsokar kunci da ta gefen kai da yatsu biyu, a zagaye, daidai inda za a ji daɗin ciwon ba azabarsa ba. A koma fura da kunu da tuwo mai laushi na sati ɗaya ko biyu, nama a yanka ƙanana, a raba tauna ɓari biyu. A ɗora kan harshe a ganda, bayan haƙoran sama, a buɗe baki a hankali iyakar inda harshen bai saki ba, a rufe, sau biyar ko shida, a maimaita cikin wuni. Ƙarar da ba ta zo da ciwo ba kuma a ƙyale ta, kada a wuni ana gwada ta a ji ko tana nan. Yawancin masu wannan ciwo da haka suke samun sauƙi, ba allura ba wuƙa. Masu tallar ƙwayoyi a kan keke ranar kasuwa ba za su so wannan magana ba, su da ke ba ka ja da fari da ruwan ɗorawa a ƙulli ɗaya, ka watsa a cikin da ba komai, ciwon kunci ya koma na ciki.

Akwai wata magana ta Majo da ta tsaya mini. Ya ce haƙoran sama da na ƙasa ba maƙwabtan da ke wuni tare ba ne. Sai wajen tauna da haɗiya suke gaisawa, kuma in an tara duka a wuni bai kai minti 20 ba. Sauran lokaci leɓe a rufe, haƙora a ware. Ya ce kowa ya duba nasa yanzu. Na duba nawa, a cije suke, ban kuma san tun yaushe ba.

A nan nake ganin gizon ke saƙa. Mu mutanen Damargu da cijewa aka yi mana tarbiyya. Yaro a gaban wanzami, a ce cije. Mace a kan gwiwa, a ce cije, kada a ji muryarki a waje. Ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, hatsi ya fara murɗewa, maigida ya fito da asuba ya dubi gabas ya koma, ba ya ce wa kowa komai. Ɗa ya tafi Libiya ko Aljeriya, wata huɗu ba waya, uwa na daka tana amsa gaisuwa da "lafiya lau". Kakanninmu sun ga fataken raƙuma suna saukowa daga Abzin neman hatsin ƙasar nan, mu kuma mun ga shekarun da rumbu ke ƙarewa kafin azumi ya zagayo, kuma duk da baki a rufe aka wuce su. Ban ce haƙuri laifi ne ba. Amma abin da baki ya ƙi faɗa da rana, haƙora na niƙa shi da dare. Matar mai cajin waya ce ta gaya masa yana gurza haƙora cikin barci har ya hana ta runtsawa. Tsofaffi suka ce tsutsar ciki ce, ya sha maganin tsutsa sau biyu, alhali bashin da ya ci na faifan hasken rana ne ke cin sa.

Kuma wai mu maza muke ta kuka, alhali ciwon ya fi kama mata, musamman daga shekara 20 zuwa 40. Da na kai zancen cikin gida, Inna ta yi dariya. Ta ce su da ke ɗauko jarka a ka tun daga rijiya, wuya a sandare, haƙora a datse, goyo a baya, wa ya taɓa tambayar su? "Ku kun samu na hira a fada," in ji ta, "mu tsumma da ruwan zafi muka sani tun kuna cikin zane."

Inda Majo ya daina dariya shi ne da wani ya ce to daga yau duk bakin da ya ƙi buɗuwa sai a gasa shi. Ya ajiye kofinsa. Ya ce in mutum ya taka ƙaya ko hauya ta sare shi a gona, bayan kwana 3 zuwa sati 3 muƙamuƙi ya fara sandarewa, wuya ya ƙage, wannan tetanos ne, sarƙewar haƙora, a ɗauke shi a daren. Jaririn da ya fara shan nono lafiya sannan ya kasa kama mama, haka nan, kuma yana faɗa yana kallon zabirar wanzami. Kumburin kunci da zazzaɓi da wahalar haɗiya, ruɓaɓɓen haƙori ne ya tara mugunya, tausa ba abin da za ta ƙara masa sai bazuwa. Dattijon da ciwo ke hawo masa muƙamuƙi in ya yi tafiya ko aiki, da nauyin ƙirji da zufa, zuciya ce.

Sai ya zo kan wadda ta fi ci masa rai, noma. Sunan na Girkanci ne, bai haɗa komai da noman gona ba. Yara take kamawa, galibi ƴan shekara 2 zuwa 6, waɗanda tamowa ko ƙyanda ta raunana. Daga dasashi take farawa, ya yi wari yana jini, kunci ya kumbura, cikin ƴan kwanaki nama ya fara zaizayewa. In an kai yaro da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai kyau na tsayar da ita. Wanda ya tsira a makare kuwa, tabon na iya ɗaure muƙamuƙi har cokali ya kasa shiga. Ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis tana karɓar irin yaran nan a Damagaram tun 1992, a Sakkwato ma akwai asibitinsu na musamman tun 1999, kuma a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin waɗanda aka yi wa sakaci. Majo ya ce ya taɓa ganin yarinya ana jera mata ƴan katakon duba maƙogwaro tsakanin haƙora, yau huɗu, wani sati biyar, wata da watanni, har ranar da ta iya kai lomar tuwo da kanta. Fada ta yi tsit. Shayi na uku ya ƙone ba wanda ya kula.

Ɗan kabu-kabu ya warke, amma yanzu in hamma ta taso masa, ko a kan babur yake da fasinja, sai ya taka birki ya tokare haɓa. Tela ya sayi almakashi na biyu ya rataya a wuya. Kawu ne dai ya ƙi. Majo ya ce masa in ba zai bar goro ba, ya nemi magogi ya riƙa gurzawa. Kawu ya ce Allah ya kiyaye, magogi na tsofaffin da haƙoransu suka zube ne, shi kuwa ko bana ana yi masa tayin bazawara.

Ranar Juma'ar da ta wuce muna dawowa daga masallaci, ya sunkuya zai gyara takalmi, wani ɗan gwangwani mai huji-huji ya faɗo daga aljihunsa, da jan garin goro a jiki. Na ɗauka na miƙa masa da hannu biyu.

"Kawu, kun yar da kayanku."

Ya duba hagu ya duba dama, ya karɓe ya cusa cikin babbar riga.

"Na gwaggonka ne," in ji shi. "Aike ta ba ni."